Ruwan da Ban Zuba wa Anti Kulu Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Anti Kulu ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni a filin jirgi na Abuja, Nana tana goye a bayana, Faruku yana jan gefen hijabina. Mun zo wurin babansu hutu, yau za mu koma gida Birnin Kebbi. Na riga na miƙa akwatunanmu, an ba ni tikitin shiga, sai waya ta yi ƙara. Hadiza ce, babbar 'yarta, daga Argungu. Da farko ban ma gane muryarta ba.

Ta ce, "Sadiya, Inna ta tahi. Bayan sallar asuba, ko tashi ba ta yi ba daga inda tay yi salla."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Anti Kulu ba 'yar'uwata ba ce ta jini. A ofis na same ta lokacin da na fara aiki, teburinta na kusa da nawa, saura kaɗan ta yi ritaya. Mahaifiyata ta rasu tun ina makaranta. Ban taɓa ce wa Anti ina neman uwa ba, ita ma ba ta taɓa cewa ta zama ba. Na dai wayi gari ita nake kira idan jikin yaro ya yi zafi.

Da na haifi Faruku, ta rufe ɗakinta a Argungu ta tare a wurina a unguwar Nasarawa, cikin Birnin Kebbi. Ita ta yi mini wankan jego. Ruwa yana tururi, ina ihu, tana dariya. Wata safiya, Hadiza tana gefe, Anti tana tsoma ganye a ruwan ta ce, "Kin gani ko, ni niy yi miki wanka. Ran da anka tashi yi man nawa, ke ka zuba man ruwa. Hadiza, ki shaida."

Na ce, "Haba Anti, wace irin magana ta wagga da sahe?"

Ta ce, "Maganar gaskiya ta. Juyo bayanki."

Hadiza ba ta manta ba. Shi ya sa a wayar ta ƙara da cewa, "Ba mu taɓa ta ba, mun san abin da tac ce. In jirginku ya sauka kahin azahar, muna jiranki."

Na ce mata ina nan tafe. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, domin filin jirginmu a kan hanyar Argungu yake, daga sauka sai mota, ba sai na shiga gari ba.

Sai jirgin bai zo ba.

Sifika ta ce a yi haƙuri, an ɗaga lokacin tashi. Ba a faɗi dalili ba. Na je wurin ma'aikatan, wata yarinya mai kirki ta ce ita ma abin da ta sani ke nan. Akwatunana suna ciki, ba a ba ni su. Ko an ba ni, ina zan je? Motar Kebbi yini guda ce cur, da yara biyu, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san ba a kama ta da rana tsaka. Na kira babansu, ya ce zai baro ofis ya zo. Na ce ya zo ya yi me, shi ma ba fiffike gare shi ba.

Ƙofa tana gabana, ta gilashi, ina kallon jiragen wasu garuruwa suna tashi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk dabarar da ke taimakona da yaran nan tun safe, ta Anti ce.

Tafiyata ta farko da jariri a jirgi, na shirya kamar mai ƙaura. Anti ta zo ana gobe zan tafi, ta dubi jakar hannuna, ta zazzage ta a kan tabarma. Turare, jan-baki, caja, takalmin fita. Ta ce, "Ina famfas?" Na ce suna cikin babban akwati. Ta ce, "To madalla. In ya yi kashi a sama, sai ki ce wa direban jirgi shi tsaya ki sauka ki ɗauko."

Ranar ta koya mini shirya jaka. Famfas fiye da yadda kike zato. Leda ta zuba masu datti. Kayan canji na yaro, da naki ke ma, don amai ba ya tambayar rigar wa ce. Ta hana ni sa wa yaro sabuwar shadda mai maɓallai, ta ce a sa masa abin da za a cire da hannu ɗaya. Ta hana ni jan keken jarirai, ta ce in goya abina hannuwana su zama nawa.

Mijinta a Legas ya yi aiki, 'ya'yanta duk a hanya ta raine su, wani lokaci mota, wani lokaci jirgi. Ba abin da ba ta gani ba.

Da Faruku ya fara tafiya, ta ƙara mini wasu dabarun. A sa masa riga mai launin da ido zai kama a cikin jama'a. A bar shi ya yi ta gudu kafin a shiga, ya gaji da kansa. A ɓoye wani ɗan abin wasa da bai taɓa gani ba, kar a fito da shi sai hankali ya kusa tashi. Wata rana na ce wata ƙawata tana ba nata yaran maganin mura don su yi barci a hanya. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci irin na ranar ba. Ta ce, "Ɗiyan mutum na, ba kaya na ba. Shi yi kukanai. Duk wanda ag cikin jirgin nan ya taɓa zama jinjiri."

Yau na sa wa Faruku jar riga. Ya zagaye kujerun nan har masu shara sun san sunansa. Motar roba da na ɓoye masa, na fito da ita tun kafin hantsi ya gama.

Ganinmu na ƙarshe, ana jibi za mu taho Abuja. Na kai mata yaran Argungu. Ta dafa shinkafa da miyar kifi, ta zaunar da Faruku a cinyarta tana cire masa ƙaya da yatsa, tana ce masa, "Ci, mijina, ka yi ƙarhi ka noma man albasa." Ta raka mu har tasha. Muna shiga mota Nana ta yi tumbuɗi ta ɓata zanen goyona kaf. Anti ta dube ni ta ce, "Ina na biyun?" Ban taho da shi ba. Ta buɗe jakarta ta ciro nata, atamfa mai ruwan ƙasa da ta sha wanki har ta yi laushi.

Wannan ita ce babbar dokarta: zane biyu. Ɗaya na goyo, ɗaya na komai. Shi ne shimfiɗa, shi ne labule idan za ki shayar, shi ne bargo idan sanyin jirgi ya yi yawa.

Ta ce, "Ki maido man abina in kin dawo. Kuma kar ki wanke, ƙamshin jikokina nika so."

Da shi na goyo Nana yau. Gobe na yi niyyar kai mata.

Akwai wata dokar tata da ban taɓa karyawa ba. Ta ce kar in shayar da jariri a ɗakin jira. In lallashe shi, in riƙe nonon sai jirgi ya fara gudu zai tashi, sannan in ba shi. Tsotso da haɗiya su ke hana kunnensa toshewa ya yi ciwo. Haka ma in za a sauka. Na gwada a kan Faruku, ko uffan bai ce ba, fasinjan da ke gefena bai ma san da jariri ba sai da muka sauka.

To yau ma na riƙe.

Nana ta fara mutsu-mutsu, na jijjiga ta. Ta fara kuka, na zagaya da ita. Aka ce saura kaɗan, na ce to bari a kira mu. Aka sake ɗagawa, na ce wannan karon dai za a kira. Duk motsin sifika sai in miƙe da jaka. A raina gani nake in na zauna na ba ta, kamar na yarda ke nan jirgin ba zai zo ba.

Aka kira azahar. Hadiza ta sake bugowa, muryarta ƙasa-ƙasa. "Sadiya, su Baba sun aiko. Liman ya zo, mutane sun cika ƙohwar gida, ga zahi. Na ce a ƙara muna kaɗan. Kin taso?"

Na ce, "Yanzu za a kira mu."

Ni kaina ban san ko gaskiya na faɗa ba.

Na kashe wayar, na sauko da Nana don in gyara goyon. Sai na ga fuskarta. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, tana cusa hannu a baki, tana juya kai tana neman abin da ke jikina tun safe. A nan ne ƙarshen maganar Anti ya dawo mini, wanda ban taɓa buƙata ba sai yau. Bayan ta gama bayanin kunne, ta ɗaga yatsa ta ce, "Amma in sunka ɓata lokaci, ki ba shi abinai. Jinjiri ba ruwanai da jirgi. Kar ki bar mai haƙƙi yana jira don kina jiran abin da ba hannunki ya ke ba."

Mutum biyu na bari suna jira. Ɗaya a hannuna, ɗaya a kwance a ɗakinta a Argungu.

Na kira Hadiza. Na ce, "Ku yi mata wanka. Kar ku jira ni."

Ta ce, "Kin tabbata? Ke tac ce."

Na ce, "Na tabbata. Ki zuba mata a madadina. A hankali, kuma ki sirka, ba ta son ruwan sanyi."

Daga nan na nemi lungu, na jingina da bango, na yafa zanenta na rufe mu ni da Nana. Yarinyar ta kama kamar za ta haɗiye ni. A ƙarƙashin zanen nan na yi kukan da na riƙe tun safe, ba wanda ya gan ni. Faruku ya ɗaga gefen zanen ya leƙo ya ce, "Mama, yaushe za mu je gidan Kaka?" Na ce masa sai jirgi ya zo.

Kafin la'asar Hadiza ta turo saƙo: an kai ta.

Har yanzu muna nan. Na shimfiɗa zanen a ƙasa, su biyun suna barci a kai. Sifika ta sake cewa a yi haƙuri. Idan jirgin ya zo, Nana za ta shiga da cikinta a cike, wataƙila kunnenta ya yi ciwo ta yi kuka har Kebbi. Ta yi abinta.

Ya Allah, ga baiwarka Kulu ta zo maka. Ka gafarta mata, ka yalwata mata kabarinta, ka sanyaya mata makwanci. Yadda ta tsaya a kan 'ya'yan da ba ita ta haifa ba, ka tsaya mata ranar da ba mai tsaya wa wani. Ka ba Hadiza da ƙannenta haƙuri. Ka sa Aljanna Firdausi ce masaukinta.

Ku da kuka karanta har nan, kun san ta ko ba ku san ta ba, don Allah ku tsaya ku yi mata addu'a kafin ku wuce. Ku ambaci sunanta, Kulu. Ni dai ruwa ta roƙe ni ban samu zuba mata ba, addu'a ce kaɗai ta rage mini, ku taya ni ta yi yawa.