Durumin Malam Aƙilu

Malam Aƙilu, wani tela a Maska, ya kafa reshen durumi a ƙofar gidansa a daminar 1996. Rani uku yana ba shi ruwan alwalarsa, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da durumin ya yi inuwa, maƙwabcinsa Maitama ne ya fara shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa, ko da yake yakan yi mitar saiwoyin suna tsaga masa katanga.

Bara Malam Aƙilu ya yi kwana arba'in da ɗaya a asibiti a Funtuwa, ya bar wa Maitama amanar durumin. Da ya dawo, ya tarar ganye na zuba, an ɗaye ɓawon gindin.

"Masu neman sassaƙen magani ne, Malam," in ji Maitama.

Malam Aƙilu ya zagaya gindin yana shafawa.

"Haba Maitama. Mai neman magani gabas da yamma yake sassaƙa, ya bar itace ya rayu. Wannan zobe aka yi masa, ba a bar ko faɗin yatsa ba."

Maitama ya sunkuyar da kai. Durumin bai ga damina ba, kuma tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa su.