Muzet ɗin Kakana

Kakana na wajen uwa tsohon sojan Faransa ne. Daga ƙasar Nijar ya sauko bayan ya ajiye kaki, ya zauna a Muchia yana gyaran keke har ƙarfinsa ya ƙare. Yana da wata jakar tamfol mai dogon maɗauri da yake zuba Littafi Mai Tsarki da tabarau a ciki ran Lahadi. Bai taɓa kiranta jaka ba. Muzet yake cewa, mu ma duk gidan haka muka tashi muna cewa.

A farkon shekarun dubu biyu, ina jiran samun gurbin karatu, na shiga ajin koyon Faransanci na ranar Asabar a wani shago a Samaru. Malamin saurayi ne mai ji da kansa, wai ya yi wata shida a Kwatano. Wata rana muna karanta labarin wani makiyayi, sai ga kalmar nan. Ya tambayi ma'anarta, na ɗaga hannu da murna na ce jaka.

"Jaka?" in ji shi. "A gidanku jaka ake busawa?"

Aji ya kwashe da dariya. Ya ce muzet 'yar algaita ce mai salka, ana cika ta da iska a matse a hammata. Na ce kakana sojan Faransa ne, kuma haka yake kiran jakarsa. Ya taɓe baki ya ce, "Wannan Faransancin kurata ne. Ki bar shi a bariki."

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne na yarda da shi. Na koma gida na ce wa tsoho ya daina faɗin kalmar, ya sa an yi mini dariya. Ya dube ni ya ce, "Amarya, shekara tara na rataya abin nan a kafaɗa. Yaron da ya je Kwatano shan iska ne zai sake masa suna?" Ya ƙara da cewa har kiɗan da Turawan barikinsu ke rawa da shi ran hutu muzet suke ce masa.

Asabar ta zagayo, ya sa babbar rigarsa, ya rataya jakar, ya ce mu tafi. Na roƙe shi ya bari, ya ƙi. Muka hau bas daga Sabon Gari, ina ta addu'a motar ta lalace a Kwangila.

Da muka isa ya yi sallama, ya ajiye jakar a kan tebur, ya shiga zuba Faransanci kamar ruwan Agusta. Malam ya yi ta gyaɗa kai yana gumi, daga bisani ya amsa da Turanci. Kaka ya koma Hausa ya ce, "Ɗana, ɗauko ƙamus ɗinka babba." Aka ɗauko. Wata ɗaliba ta karanta da ƙarfi: da farko abin busa ne, sai sunan ya koma kan rawa da kiɗanta, can ƙasa kuma ga jakar soja, har da wadda ake miƙa wa masu tseren keke abinci a ciki.

Na zaci malam zai ba da haƙuri. Ina! Cewa ya yi ai ma'anar farko ce ta asali, ita kuma ake tambaya a jarrabawa. Ko kujera bai ba tsohon ba, mutum mai shekara tamanin da ɗoriya yana tsaye dogare da sanda. Ni ce na tashi na ba shi tawa, na tsaya a bayansa.

Ban sake komawa ajin ba. Bayan shekara guda wata ƙawata da ke zaune a Bomo ta shiga ajin, ta zo tana ba ni labarin irin ilimin malaminsu. Wai ya koya musu wata kalma mai ma'ana huɗu, ya ce shi ya gano hakan da kansa a wani bincike da ya yi.