Sunan ƙarya da na kai Burmi

Shekarun baya mahaifiyata ta tasa ni gaba sai na je Burmi. Ni a Jidda aka haife ni, ita ma haka, amma tun ina yaro nake jin cewa kakanta ya faɗi a yaƙin da aka yi da Turawa a can Burmi, bakin kogin Gongola, matarsa ta gudo gabas da ɗansu, mahaifin mahaifiyata, a goye. Da tsufa ya kama ta, buri ɗaya ya rage mata: ta ga kabarin kakan nan nata, ko a waya ne.

Ni kuwa ban yarda da labarin ba. Duk Batakarin da ka taɓa a Jidda, wato irinmu da kakanninmu suka zo daga yamma, sai ya ce maka kakansa shahidin Burmi ne. To wa ya gudu kenan? Ga shi na sha ganin yadda wasu ke ɗaukar alhazai ziyara, su nuna musu kowane dutse su ce mai tarihi ne, bayin Allah suna ta kuka. Na ce wallahi ni ba za a yi min haka ba.

Wani abokina ɗan Gombe, wanda muka saba a wajen aikin alhazai, shi ya tarbe ni. Mutumin kirki ne, amma har shi sai da na sa wa ido. Ya tsaya shan mai, na ce sun haɗa baki da mai gidan man. Ya yi waya da Fulatanci, na ce halas, shi ke nan, cinikina ake yi. Fasfo da iƙama kuwa, wato takardar izinin zama, a cikin safa na cusa su, ina tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

Da muka isa sai na ga babu gari. Fili ne da gonaki, da ɗan tudun da aka ce ragowar ganuwa ce, da wani kabari guda da aka kewaye, na shugaban da mayaƙan suka bi. Wani dattijo da ke kula da wurin ya fito ya gaishe mu, yana ta kallon bakina.

"Wannan Hausar taka daga ina?"

"Daga Jidda, Baba."

"To, madalla. Me ke tafe da kai?"

A nan na ɗana tarkona. Maimakon sunan kakan mahaifiyata, sai na ƙirƙiro wani suna daban, na haɗa masa da sarautar da babu ita, na ce kabarinsa nake nema. Na gyara tsayuwa ina jiran ya ja ni gindin wata bishiya ya ce ga shi nan, in ƙyalƙyale da dariya.

Dattijon ya girgiza kai. "Ɗana, ban san shi ba. Ko da na san sunan ma, ba zan iya nuna maka ba. Waɗanda suka san su ai su ne suka gudu. Waɗanda suka binne su kuma ba su san ko su wane ne ba, tare aka zuba su." Ya nuna filin da sandarsa. "In yana nan, to yana nan."

Kunya ta rufe ni. Na faɗa masa sunan gaskiya murya ƙasa-ƙasa, ya dube ni ya dubi abokina, ya ce, "Shi ma haka."

Sai ga kiran mahaifiyata ta bidiyo. Tun safe take zaune tana jira. Abokina ya raɗa min, "Nuna mata kowane tudu mana, hankalinta ya kwanta." Ka ji fa! Abin da na zo kama wani da shi, ga shi an miƙo min, kuma wallahi sai da raina ya so.

"Yalla, ya waladi, maza ɗana, ina kabarin?" in ji ta.

"Ummi, babu kabari. Ba wanda ya san inda yake."

Sai ta ce in juya wayar ta ga garin. Na juya a hankali: karan dawa, ƙasa, awaki, ba gida ko ɗaya. Lokacin ba a daɗe da rushe Karantina ba, unguwar da aka haife ta ta kuma haife mu, har ta taɓa sa ni na kai ta ta kasa gane inda ƙofar gidanmu take.

"Ashe haka ake yi mana tun can," ta ce. "Ɗaga hannu, mu yi musu addu'a duka."

Muka ɗaga, ni da dattijon da abokina, ita kuma daga ɗakin haya a Jidda.

Har yau ban san ko kakanta na kwance a filin nan ba, kuma zargin mutane bai sake ni gaba ɗaya ba, hali ne. Amma na daina yi wa tsofaffinmu dariya in sun ce su 'yan Burmi ne. Wanda aka share masa gari sau biyu, ba ni ne zan tambaye shi shaida ba.