Mutumin da Ke Gefen Hoto

Shekarun baya, lokacin ina ɗaukar kaina babban darakta alhali ko fim ɗin kirki ban yi ba, na je wani ƙauye a ƙasar Rabah neman inda zan shirya fim kan manoman albasa. Kyamarar hoto kawai na riƙa, don in tuna wurare. Na ɗauki rijiya, da tsamiyar bakin masallaci, da rumbuna, da fadama raɓa na ƙyalli a ganyen albasa.

Fim bai yiwu ba. Kafin in haɗa 'yan wasa, 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, mutanensa suka watse.

An daɗe, sai abokina da ke koyarwa a Wurno ya ce wasunsu na zaune kusa da shi, kuma sun ji ina da hotunan garinsu. Na ari majigi na tafi. Bayan la'asar muka toshe tagogin wani aji da tabarmi, muka rataya farin zane. Kunya nake ji, don ba motsi, ba sauti.

Ashe sautin na wurinsu. Rijiya na fitowa ɗakin ya ɗau magana: wane ya gina ta, gugan wane ya faɗa ciki. Wani dattijo ya rantse yana jin ƙamshin albasa. Ni kaina sai na ga kamar ganyen tsamiyar na kaɗawa.

Na zo kan wani hoto da ya yi dishi-dishi, zan wuce, sai wata tsohuwa ta ɗaga hannu.

"Ɗana, kak ka wuce."

"Inna, mi kika gani? Wannan bai fita ba."

Ta taso har gaban zanen, inuwarta ta rufe rabin fadama. Ta nuna can gefe: wani mutum ya ba da baya, fartanya a kafaɗa, ko fuskarsa babu.

"Maigidana na. Dubi yadda shika karkata kahwaɗa. Hwadama za shi."

Abokina ya raɗa mini cewa mutumin bai tsira daga harin ba, kuma bai taɓa yin hoto ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa tana kallo, kamar mai jiran ya waiwayo. Na bar mata hoton a jikin zanen har aka kira magariba. Daga baya na wanke hoton na kai mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce Allah shi yi albarka.

Na yi finafinai bayan nan, amma a ajin nan na gane cewa fim wucewa yake da mutum, hoto kuwa jiransa yake. Har yau in muna tace fim, abokan aikina kan yi mitar ina barin hoto ya daɗe kafin in yanke. Ni kuwa nakan ce su ƙara masa kaɗan, wataƙila wata ba ta gama kallo ba.