Ludayin Gwaggo da Waken Jan Layi

Gwaggo ta fara rabon abinci a makarantar kwana ta 'yan mata tun ba a haife ni ba, kuma har ta ajiye aiki ba a taɓa samun yarinyar da ta ce an zuba wa wata fiye da ita ba. Ɗalibai ne suka laƙaba mata Raba-daidai, sunan ya biyo ta har gida. An ce shugabar ɗalibai ta taɓa tsayawa da kwano tana jiran ƙari saboda muƙami. Gwaggo ta zuba mata ludayi ɗaya ta ce, "Matsa, na bayanki ma ciki ne da su." Ranar da ta yi ritaya aka tambaye ta abin da take so a ba ta, ta ce ludayin. Na ƙarfe ne, mariƙinsa ya sha ɗauri da waya, har yau yana rataye a kicin ɗinmu.

Yayar mahaifina ce. Da ya rasu ita ta ɗauke ni ta haɗa da 'ya'yanta. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa take ce mini Uwata, amma sunan bai taɓa jawo mini ko tsoka ɗaya ta ƙari ba. Sabulu da zare take yanka mana. Lemo guda sai ta ɓare ta jera, idan ɓari ɗaya ya yi saura ta tsaga shi da farce. Har faɗa raba mana take yi: idan ɗaya ya fasa kofi, sai an bi kowa an tuna masa da nasa laifin na makon jiya, don kada wani ya tashi hannu rabbana. Mun girma muna yi mata dariya, ban san wata rana halin nan zai kusa sa ni hawan jini ba.

Kimiyyar muhalli na karanta a jami'a. Gwaggo ba ta taɓa gane me ake koya mana ba. Idan maƙwabta suka tambaya sai ta ce, "Karatun shara da kwata take yi, amma an ce da digiri a ƙarshensa." Ba ta yi ƙarya sosai ba. Mun sha shiga magudanar ruwa da kwalabe, mun tona bola da safar hannu, mun tsaya a bakin titi muna ƙirga motoci masu hayaƙi direbobi na yi mana kallon mahaukata. Duk na jure. Abin da ya rage mini shi ne aikin bincike na shekarar ƙarshe, wanda idan babu shi babu digiri.

Dakta, malamin da ke duba aikina, shi ya zaɓa mini abin da zan yi: in gano iya ƙishin da wake zai iya jurewa kafin ya mutu, tunda ruwan sama sai ja da baya yake yi. Za a shuka wake a tukwane ashirin, layi huɗu. Layin farko kofi cike na ruwa, na biyu rabi, na uku rubu'i, na huɗu ɗan abin da zai jiƙa gindin kofi. A sashenmu akwai rumfar gwajin shuka da aka gina don irin wannan, sai dai makullinta na hannun wani ma'aikaci da aka sauya wa wurin aiki, shi kuma ya ce ya ba wani, wanin ya ce bai san zancen ba. Na yi sintiri tsakanin ofisoshi har takalmina ya fara buɗe baki. Daga ƙarshe Dakta ya ce, "Ba ku da fili a gida?"

Muna da shi, bayan ɗakin Gwaggo, inda ake shanya. Na kafa rumfar leda, na jera tukwane, na shafa wa kowane layi fenti: fari, shuɗi, rawaya, sai ja ga masu shan ƙishi. Kullum kafin in fita lacca nakan auna ruwa da kofin awo in zuba. Gwaggo kan tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Uwata, waɗannan na ƙarshen me suka yi miki?"

"Ba su yi komai ba, Gwaggo. Gwaji ne."

"Uwa ɗaya uba ɗaya, daga leda ɗaya kika ɗebo su a gabana."

Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa. Ta gyaɗa kai ta ce to. Da na san Gwaggo kamar yadda nake taƙama, da "to" ɗin nan ya hana ni sakat.

Makonni suka wuce, wake ya yi kore shar, layi huɗun duka. Masu jan fenti ma sun fi kowa sheƙi. Ni kuwa sai murna, ina ganin na gano irin waken da zai ceci duniya. Na ɗauki hotuna na kai wa Dakta, bayan na yi zaman jiransa a benci har ƙafata ta yi tsami. Ya sauke tabarau ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Wa kike zaune da shi a gida?" Na ce gwaggona. Ya ce, "Je ki tambaye ta." Bai ko ɓoye dariyarsa ba.

Washegari bayan sallar asuba na ƙi komawa gado, na laɓe a bayan ƙofa. Sai ga Gwaggo da bokiti da ludayin nan. Ta wuce farin layi, ta zuba wa shuɗi rabin ludayi, rawaya ta ƙara hannu, masu jan fenti kuwa ta cika musu taf, tana yi tana magana da su ƙasa-ƙasa. Ba zubawa kawai take yi ba, cike giɓi take yi. Ta lura da abin da nake ba kowa, ta lissafa abin da aka tauye masa.

"Gwaggo!"

Ko gezau. Ta ƙarasa tukunyar da take kai, sannan ta ɗago. "Ina kwana, Uwata."

"Kin kashe ni! Kin san abin da kika yi?"

"Ruwa na ba su. Ban taɓa jin wanda ruwa ya kashe wa karatu ba."

"So ake a ga yadda za su yi idan babu ruwa!"

"Mutuwa za su yi. Ga amsa nan na ba ki, je ki rubuta."

Ba rashin fahimta ba ne, Gwaggo ta fi ni kaifin kai. Ta gane sarai, ƙin yarda ta yi. Na zauna a kan bokitin da ta kife na yi kuka na takaici, irin wanda ke zuwa da ciwon kai.

Dakta ya ce aikin ya tashi a banza, a sake daga farko. Lokacin da ya rage kafin zuwan malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a ya yi mana jarrabawa, da ƙyar zai isa shuka ɗaya. Idan wannan ma ta lalace, sai in ƙara shekara guda ina kallon abokan karatuna suna ɗaukar hoto da hular digiri. Irin waken da ya rage a ledar ma bai wuce na zubi ɗaya ba.

Na faɗa wa Gwaggo haka ba tare da na rage komai ba. Ta ce, "Na yi miki alkawari, ɗigon ruwa ba zai fito daga hannuna ba." Gwaggo ba ta saɓa alkawari, sai hankalina ya kwanta. Na sauya ƙasa, na sake shuka.

Wake ya tsiro, ya fara rarrabuwa yadda ake so. Farin layi ya miƙe, masu jan fenti suka tsaya cak, ganyensu ya fara naɗewa. Wata rana aka fasa lacca, malamin ya aiko a ce yana taro, na dawo gida da tsakar rana. Na leƙa baya sai na ga lema a buɗe a kan jan layi, an ɗaure ta da igiyar shanya, an kuma kare gefen da rana ke bugowa da tsohon zanenta.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Ruwa na ce. Kin ji na ambaci inuwa?"

Ranar kam na manta da wa nake magana. Na fizge lemar na yar, na ce shin so take in tsufa a jami'a, shin waken ne ta goya ko ni, shin ganye ya fi mata ni daraja. Muryata har gidan maƙwabta. Ta bar ni na zazzage tas. Sannan ta sunkuya ta ɗauki zanen, ta kakkaɓe, ta ninke.

"Uwata," ta ce, "da mai sunanki ta rasu, gidan kawu aka kai ni riƙo. Ba a taɓa duka na ba, ba a taɓa zagi na ba. Sai dai a zuba wa 'yan gida, ni a miƙo mini tukunya in kankare. Ina kallon kwanukansu, suna kallon tukunyata, kowa ya san haka tsarin yake." Ta nuna tukwanen da haɓa. "Ni a jan layin nan na tashi. Ba ƙin karatunki nake yi ba. Idona ne ba ya iyawa."

Na zauna da ita shekara da shekaru ban taɓa jin wannan ba. Raina dai a ɓace yake, amma na rasa inda zan sauke shi.

Ta shiga ɗaki ta fito da kwaɗo da makulli, ta damƙa mini. "Rufe ƙofar bayan nan, ki tafi da makullin makaranta. Ko na roƙe ki kada ki ba ni."

Haka aka yi. Shanya ta koma tsakar gida. Tagar ɗakinta da ke kallon rumfar ta toshe da kwali, ga zafi, ga rashin iska, amma ta ƙi cirewa. Sai dai kullum na dawo, kafin in ajiye jaka, sai ta tare ni kamar daga dubiyar mara lafiya na dawo.

"Ya masu jan fenti?"

"Suna nan."

"Da sauƙi dai?"

"Gwaggo, ba sauƙi ake nema musu ba."

"Allah Ya kyauta," in ji ta, ta juya ta zuba mini abinci daidai da na kowa. Sau biyu ta ce in ara mata makullin wai ta manta wani abu a baya. Na hana. Ba ta yi fushi ba, ta ce na kyauta.

Ranar awon ƙarshe na buɗe ƙofar na ce ta zo, an gama. Ta fito da saurinta, ludayi a hannu, bokiti a ɗaya hannun. A nan na tuna ban taɓa gaya mata yadda ake gamawa ba. Tuge su ake yi duka, a wanke saiwa, a sa kowanne a ambulan, a kai ɗakin gwaji a busar a ɗora a sikeli.

"Duka? Har masu farin fentin?"

"Duka."

"Ikon Allah. Sai yau kuka raba musu daidai."

Na fara tugewa, ita tana riƙe mini ambulan. A jan layi, guda huɗu sun bushe ƙayau, taɓa su kawai sai su karye. Na biyar kuwa, ɗan siriri kamar tsinken tsintsiya, yana nan tsaye da ganye biyu kore. Gwaggo ta durƙusa a gabansa.

"Bar mini wannan, Uwata. Ɗaya ne."

"Biyar ake buƙata a kowane layi. Idan babu shi lissafin bai cika ba, kuma shi ne ma Dakta zai fi tambaya."

"Ba za a iya auna shi a tsaye ba?"

"Ba za a iya ba, Gwaggo."

Ta dubi waken, ta dube ni. Bokitin na gefenta, ruwa cike, ba abin da zai hana ta. Ta ajiye ludayin a ƙasa, ta zaro ambulan ta buɗe bakinsa da yatsu biyu, ta miƙo.

"Tuge a hankali," ta ce. "Kuma ki rubuta cewa ya yi ƙoƙari."

Na ci jarrabawar. Malamin da aka gayyato ya yaba da yadda bambancin layukan ya fito fili, ya ce an ga alamar an tsare aikin da kyau. A shafin sakamako akwai gurbin tsawo, da na yawan ganye, da na nauyi, kuma nauyin waken nan bai kai giram ɗaya ba. Na duba sama da ƙasa babu gurbin da zan cika saƙon Gwaggo, sai na rubuta shi da fensir a gefen shafin kwafin da na kawo gida.

Ba ta iya karanta turancin ba. Ta sa na nuna mata layin, ta ɗora yatsa a kai ta daɗe. Sannan ta tashi ta ɓalle kwalin tagarta, ta ce in je in kira sauran, abinci zai huce.