Mota mai ɗaki da fasfon matata

Lokacin da abin nan ya faru na yi shekara goma sha ɗaya ina zaune a Alƙahira. Na zo ina saurayi da tallafin karatu, na gama digirin farko, na shiga na biyu a fannin tarihin Musulunci, sannan na samu abin yi a gefe, wato tafinta ga 'yan gida masu zuwa asibitocin Masar neman magani. Ni ke ɗauko su daga filin jirgi, ni ke shiga da su wurin likita in mayar musu da Larabci Hausa. A unguwarmu ta Hayyus Sabi', duk wanda takarda ta rikice masa, ta izinin zama ko ta makaranta, ƙofata yake ƙwanƙwasawa. Na san tagar da ake bi a kowane ofis, na san ranar da zuwa ɓata ƙafa ne. Ina jin daɗin wannan suna fiye da kima, kuma babu wanda ya yarda da shi kamar matata. In na ce mata abu ba ya yiwuwa, shi ke nan, ba ta sake tambaya. Shekara biyar ke nan da na kawo ta, ta haifi 'ya mace a nan muka sa mata sunan mahaifiyar matata, wadda suke kira Inna. Tun zuwanta ba ta taka gida ba, kowace shekara sai in ce baɗi.

Wata rana ina zaune a barandar asibiti ina jiran a fito da wani dattijo daga ɗakin hoto, ina latsa waya, sai na ci karo da bidiyon wasu tsofaffin Turawa, miji da mata, suna yawon ƙasashe a wata mota mai ɗaki a ciki. Ga gado, ga murhun gas, ga ɗan banɗaki, har da tagar da aka sa wa labule. A lokacin kuwa a kan Andalus, tsohuwar daular Musulmi a Turai, nake rubutuna, na shekara uku ina karanta sunayen Ƙurɗuba da Garnaɗa da Ishbiliya ban taɓa ganin ko katangarsu ba. Nan take na ga duk abin da ke hana irinmu yawo a Turai wannan mota ta warware shi. Abincinka kai za ka dafa, ba ruwanka da tambayar wa ya yanka. Butarka tana nan, dardumarka tana nan, iyalinka ba mai ƙare mata kallo a otal. Kafin a fito da dattijon nan na riga na zaɓi launin labule a raina.

Na yi wata takwas ina shirin nan kamar wanda aka yi wa asiri. Na sayo babbar taswira a Wustul Balad, can tsakiyar birni, na kafa ta da ƙusa huɗu a bangon falo, na ja jan biro daga gari zuwa gari. Na haddace inda ake barin irin motar ta kwana, inda ake cika mata ruwa, inda ake zubar da na datti, da tsawonta don kada in kai ta ƙarƙashin gadar da ta fi ta gajarta. Na yi lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ni da ko keke ba ni da shi a Masar. Abokaina suka laƙaba mini Kunkuru, wai zan ɗauki gidana a baya, ni ma ina amsawa ina dariya. Matata ta ɗinka ƙananan jakunkuna na yaji da kuka da daddawa, tana tambayata ko murhun zai iya ɗaukar tukunyar tuwo. Sau ɗaya ta ce ko za mu fara zuwa gida tukuna Inna ta ga takwararta, na ce mata daga Andalus sai gida, alkawari ne. Duk wanda na haɗu da shi sai in ce saboda ita nake wannan shiri, ta huta da zaman ɗaki. Ita dai ba ta taɓa roƙona in kai ta ko'ina ba sai gida.

Samun ranar kai takardun biza shi ya fi komai ba ni wuya. Wata huɗu ina buɗe shafinsu safe da yamma kafin na samu gurbi. Ranar muka je ofishin da ke unguwar Dokki da ƙunshin takardu, na hayar motar, na inshora, na makaranta, muka miƙa fasfo uku, nawa da nata da na yarinya. Aka ba ni rasit aka ce mu jira saƙo nan da 'yan makonni. Na fito ina jin kamar har na kama sitiyari.

Kwana shida bayan nan, da azahar, yayanta ya kira daga gida. Inna ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye, magana ba ta fita sosai. Matata ta miƙo mini wayar don ni ne na san yaren likitoci, ya karanto mini abin da aka rubuta a takardar asibiti. Na tsaya a gefen gadaje da yawa, na fassara wa mutane irin wannan takarda ba sau ɗaya ba, na san abin da ake nufi in an ce jini ya zuba a ƙwaƙwalwa da wannan yawan. Ya ce mini in da hali ƙanwarsa ta taho, don sunan da Inna ke iya furtawa kawai nata ne. Na ce masa za mu duba, in sha Allahu.

Matata tana tsaye da ludayi a hannu ta tambaye ni ko ana iya karɓo fasfo. Na san amsar. Takarda ɗaya ake rubutawa a sa hannu, kwana biyu ko uku su dawo maka da abinka, na taɓa yi wa ɗan wani majinyaci haka a wani ofis irin nasu. Amma na kuma san in ka janye fasfo ka janye neman bizar ke nan, ka koma bayan layi, lokacin da na zaɓa ya wuce, motar da na kama ta tafi hannun wani. Taswirar tana daidai bayan kanta, ina ganin jan layin ta saman ɗankwalinta. Sai na ji bakina ya ce in fasfo ya shiga ba ya fitowa sai sun gama. Ko rawa muryata ba ta yi ba. Ta ce to, Allah ya sa ta same ta da rai, ta koma wurin girkinta. Ni kuwa na zauna ina shirya abin a kaina yadda ake shirya kaya a akwati: tsofaffi suna jan wannan ciwo wata da watanni, bizar za ta fito nan da kwana goma, ta je ta yi mako biyu ta dawo, mu tafi. Komai ya shiga, babu abin da ya rage a waje.

Kullum da safe sai ta tambaye ni ko saƙo ya shigo. Takan kara wa yarinyar waya a baki ta yi wa kakarta waƙa, can a sa wa Inna a kunne. Da kwana ya fara nisa sai ta roƙe ni in je in yi musu bayani, ai su ma suna da iyaye. Na sa kaya, na hau jirgin ƙasa na metiro har Dokki, na shiga wani gidan shayi da ke kallon ofishin, na sha kofi biyu, na kalli masu shiga da fita, na dawo na ce mata sun ce ma'alish, wato a yi haƙuri, babu yadda za su yi. Sau biyu na yi wannan tafiya. Duka biyun ta tarye ni a ƙofa ta yi mini sannu da wahala, ta haɗa mini ruwan wanka.

Inna ta rasu ranar Juma'a da hantsi, kwana tara da faɗuwarta, aka rufe ta bayan an sauko daga masallaci. Matan unguwa suka cika falonmu, suka zauna a ƙarƙashin taswirar nan, mu maza muka shimfiɗa tabarmi a gidan maƙwabci. Kowa ya zo sai ya ce ƙaddara ce, sai ya ƙara da cewa waɗannan ofisoshin biza ba su da imani, ni kuma in gyaɗa kai. Ina ta jiran in ji wani abu. Na jira hawaye, na jira tsoro, na jira ko kunya ce ta kama ni, babu wanda ya zo. Abin da kawai nake iya tunawa na lura da shi ran nan shi ne sukari ya ƙare, na tashi na sayo.

Saƙon ya shigo kwana huɗu bayan rasuwar, muka tafi tare don sai kowa ya sa hannu. Ma'aikaciyar ta miƙo ambulan uku tana murmushi ta yi mana barka ta ce mabruk. Ina ƙoƙarin karɓa sai na ji matata ta yi magana da Larabci, irin wanda ta koya a kasuwa da wurin maƙwabta, wanda ni na ɗauka bai wuce cinikin tumatir ba. Ba faɗa ta yi ba. Ta gaya mata cewa mahaifiyarta ta rasu fasfonta yana nan, tana son ta sani ne don gaba, ko babu wata hanya sam da ake yi wa mutum in irin haka ta taso. Matar ta dafe ƙirji ta yi mata ta'aziyya, ta ce haba, me ya sa ba wanda ya zo, ai takarda ɗaya ce, da a kwana biyu sun ba ta, in rasuwa ce ko ciwo ma suna ƙoƙarin yi a rana ɗaya. Ina tsaye a gefe, ni tafinta, babu kalmar da aka buƙaci in fassara. Matata ta yi godiya, ta buɗe ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta sa nata da na yarinya a jakarta, ta miƙo mini nawa ba ta dube ni ba. A tashar metiro ta kama hannun 'yarta ta shiga taragon mata, abin da ba ta taɓa yi ba in muna tare.

Da muka isa gida tambaya biyu ta yi mini. Ta farko ko na san da hakan, na ce na sani. Ta biyu, a ina na zauna ranaku biyun da na ce na je roƙo, na ce a gidan shayi. Ta ce to. Ta yi alwala ta tayar da sallar la'asar. Da ta zage ni, da ta fasa wani abu, ina jin da na samu inda zan kama in fara kuka, amma ba ta ba ni ko wannan ba. A makon ta tafi gida da yarinyar, ita ta sayi tikitinta da hannunta, ta je ta tarar da ɗakin Inna a share. Ban zaci za ta dawo ba, sai ga ta bayan wata biyu. Ba ta gaya wa kowa ba. Har yau in yayanta ya kira sai ya yi mini godiyar zirga-zirgar da na sha a kan fasfon nan, ni kuma in ce ba komai.

Bizar ta mutu a cikin fasfona ba a buga mata hatimi ba. Na cire taswirar, ta bar farin wuri a bango da ramin ƙusa huɗu, kuma ban yi fenti ba. Yaji da kukar da aka ƙulla wa Andalus a nan muka cinye su. Abokaina sun daina ce mini Kunkuru don suna ganin abin zai taɓa ni, ba su san babu abin da ke taɓa ni yanzu ba. Shekara biyu ke nan. Na yi istigfari, na nemi gafararta, ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe don ba ta iya ƙarya ba. Tana girki, tana gaishe ni, tana kula da ni in ba ni da lafiya. Fasfonta dai a jakar hannunta yake kwana.

Na rubuto wannan ne saboda 'yan uwana maza da ke zaune da iyali a ƙasashen waje, waɗanda takardun gidan duka ke hannunsu, su ne suka iya yaren, su ne suka san hanya. Matar da ka raba da danginta ka kawo inda ba ta san kowa ba, bakinka ne tagarta, abin da ka gaya mata shi ne duniyar da take gani. Shirya hutu ba laifi ba ne, son ganin ƙasa ma ba laifi ba ne, amma in ka ga shirinka ya fara sa kana auna kwanakin da suka rage wa mutum don ka ga ko za su ishe ka, ka tsaya a nan. Garuruwan da na ja wa jan biro suna nan inda suke, ko bayan shekara ashirin zan same su. Kuma kada ka ce ƙarya ɗaya ce, za ta wuce. A makon jiya na gaya wa matata cewa asibitin yara ba ya buɗewa ranar Alhamis da yamma, ta ce to. Jim kaɗan na ji ta a ɗaki ta rage murya tana kiran asibitin tana tambaya. Gaskiya na faɗa, a rufe yake. Na ji ta yi musu godiya ta ajiye wayar, ta fito ta tambaye ni ko in sha shayi.