Kawu Bala da Wazirinsa

Duk wanda ya taɓa hawa benen Kawu Bala a unguwar Tremont, nan Amurka, ya san dokar gidan: ba ka zama sai ka gaida Waziri. In ka manta, Kawu zai yi ta gyaran murya yana nuna bango da haɓa har ka gane laifinka.

Wazirin nan fa hoto ne. Wani Bature mai tsinin gemu, an naɗe masa wuya da farin ƙyalle kamar an ɗora kansa a kan faifai. Kawu ya tsince shi ne a unguwar Flatbush cikin tarkacen da aka zubar bakin titi, zamanin yana tuƙin tasi, kafin motocin da ake kira ta waya su kashe kasuwar. Ya ce shi ba zai wuce dattijo ruwa na dukansa ba. Wani ɗalibi ya karanta rubutun ƙasan, ya ce mashawarcin wani sarkin Turai ne na ɗaruruwan shekarun da suka wuce, wai a jikin tagulla aka sassaƙa shi sannan aka buga a takarda. Shi ke nan, Kawu ya naɗa shi Waziri.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, aikin jinya nake, sai ranar hutu nake leƙa shi. Matarsa ta rasu, 'ya'yan suna Texas. Sau da yawa tun daga matakala zan ji yana ba da labarin Kano, in shiga in tarar babu kowa. Na ce ya riƙa kiran jikokinsa mana. Ya ce ya yi musu Hausa su mayar masa da Turanci, shi kuwa Waziri duk da ba ya jin Hausar, bai taɓa katse shi ba.

Liman ya zo takanas ya yi masa nasiha cewa mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto. Kawu ya saurara tsaf, kai a sunkuye.

"Na ji, Allah gafarta Malam. In na sauke shi, wace rana za ka riƙa zuwa hira?"

Liman ya dubi agogo, ya ce la'asar ta gabato. Aka daidaita a kan zai riƙa rufe shi da tawul in zai yi salla.

Ranar da ma'aikaciyar kula da tsofaffi ta zo kuwa, ina wurin, kunya kamar in nutse. Ta tambaya ko shi kaɗai yake zaune. Ya ce su biyu ne. Ta nemi sunan ɗayan. Sai ya rage murya, ya ce in gaya mata ta rufa asiri, mutumin ba shi da takardun zama.

Wallahi mun sha dariya. Amma in na sauko daga benen nan, zuciyata ba ta yi mini daɗi.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, na naɗe hoton a zane na shiga bas da shi, ina ganin na yi abin kai. Na jingina shi a kujerar gefen gado. Kawu ya kalle shi jim, ya ce in sauke shi ƙasa.

"Wannan na ranar da babu kowa ne, Hajara. Ke zauna."

Na zauna. Ya ce in faɗi komai, ko ƙarya ce, shi dai ya ji murya. Na ce tuwon Amurka ya fi na Kano. Ya zabura, ya yi ta musu da ni yana tari yana murmushi har barci ya ɗauke shi. Bai kai Juma'a ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya haɗa shi da abokan zama a Aljanna, waɗanda in ya yi sallama za su amsa.